Ranar da Na Shiga Sahu da Sulke

Ina sunkuyawa ruku'u sai ji kake kacau! Sahun gaba ɗaya ya ji.

Sulke ne a ƙarƙashin jallabiyata, irin na mayaƙan da. Ni na saƙa abina da zobban waya, ina kwaikwayon wanda na gani a gidan tarihi. Za mu yi wasan yaƙi irin na da, ni da abokaina, jakata ta kasa ɗaukar nauyinsa, shi ne na sanyo shi tun daga unguwar Faisal, a nan Masar. La'asar ta riske ni a unguwar Darrasa, na shiga masallaci.

Ana sallamewa wani dattijo ɗan Nijar da ke gefena ya hango sulken ta wuyan jallabiyata, ya riƙo hannuna, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, wa ke nemanka da wuƙa?"

"Baba, ba kowa wallahi. Sha'awa ce kawai."

"Sha'awa? A wannan zafin? Kar ka ji kunyata. Tashi mu je in ba su haƙuri, khalas, shi ke nan. Uwarka ba ta turo ka Masar a dawo mata da gawa ba."

Na yi bayani har na gaji. Ƙarshe dai sai da ya raka ni bakin mota, yana ta waige-waige.

Jama'a, ni da ba ni da abokin gaba na samu mai tsaya min. Ku wa ya taɓa tsaya muku haka a baƙunta?