Haradhan, Wanda Ya San Ɗawisunsa ta Baya

Shekara talatin da huɗu Haradhan Kundu ya yi yana haɗa fitilun biki a garin Chandannagar, amma da za ka ce ya kwatanta maka yadda aikinsa yake a ido, sai dai ya sosa ƙeya. Ba wai ƙanƙan da kai yake yi ba. Sana'ar tasu ta baya ake yin ta: a jingine allon gora, mutum ya tsuguna a bayansa yana cusa ƙwayayen lantarki ɗaya bayan ɗaya, yana murɗa waya. Ran da aka kai allon birnin Kolkata aka kunna kuwa, yana can bayan allon kusa da akwatin wuta, yana shinshina ko wata waya ta fara ƙauri. Jama'a na ihu a gaba, shi yana kallon ƙulle-ƙulle.

Shi ba Kirista ba ne, amma wa ya tambaya? Kirsimetin titin Park da ke Kolkata na kowa ne, kuma kowace shekara da hannunsa a ciki. Matarsa Shefali ce ba ta taɓa yafe masa ba.

"Ka ji, kai dai an yi mutum!" in ji ta. "'Ya'yan duniya sun sha kallo albarkacinka, taka 'yar har ta yi aure ba ka taɓa riƙe hannunta ka kai ta ba."

Bana hannunsa ya fara rawa. Ya ɓoye iya ɓoyewa, amma shayi ba ya rufa asiri, kullum rabinsa a gaban riga yake ƙarewa. Maigidansa Panchu Mallik ya gani, ya ja shi gefe.

"Yaya Haru, allon ɗawisun nan ka ƙarasa shi, tunda kai ka fara. Amma akwatin wuta, ba kai ba shi. In jelar ta buɗe hawa bakwai ɗin nan cif a kan titi, bencinka na nan. In ta maƙale, ka je gida ka huta."

Hutu! Wace irin kalma ce wannan a faɗa wa mutumin da ko zazzaɓi a kan benci yake yin sa? Haradhan ya ji tsoro, tsoro na gaske. A rumfar aiki gunduwa-gunduwa ake gwada allon, kowace ta kama. Sai babbar mota ta jijjiga shi a hanya ake gane wanda murɗinsa ya yi sako-sako, kuma in waya ɗaya ta saki, hawa guda ya mutu. Wata biyu ya yi yana murɗa kowace waya sau biyu, yana danne wuyan hannun dama da na hagu.

Wata rana Shefali ta kawo masa abincin rana tare da jikarsu Jhinuk, 'yar shekara biyar mai bakin tsiya, wadda ke kiransa Dadu, wato kaka. Yarinyar ta kafe sai ta saka ƙwai ɗaya da hannunta. Ta zaɓi ja, ta cusa shi a tsakiyar shuɗin ƙirjin tsuntsun.

"Ke 'yar tsohuwa, kin ɓata min aiki!"

"Gyara maka na yi, Dadu. Ba shi da zuciya, na sa masa."

Ya yi dariya ya bar shi a wurin, daga baya ma ya manta.

Ranar kunnawa, tunda an hana shi baya, dole ya bi gaba kamar kowa. Suka hau jirgin ƙasa su uku, Shefali ta naɗe yarinyar da hular sanyi da mayafi har idanu kawai ake gani. A bakin titi suka sha shayi a kofin ƙasa, Jhinuk ta cinye kek ɗinta ta haɗa da rabin nasa. Shi ko yunwa bai ji ba. Ya saɓa ta a wuya, suka kutsa cikin mutane, iyaye da 'ya'ya ko'ina, wani jariri har da jar hula mai tuntu.

Rana na faɗuwa aka saki wuta.

Wayyo! Titin gaba ɗaya ya tashi lokaci guda. Rufin haske ya shimfiɗu a sama daga wannan gini zuwa wancan, taurari suna saukowa a hankali, ƙararrawa ta zinariya tana lilo ba sauti, barewa tana ɗaga ƙafa tana ajiyewa. Dubban mutane suka ja numfashi tare, ya ji sautin a ƙirjinsa. Fuskokin yara suka koma kore, suka koma ruwan hoda. Bai taɓa sanin hasken yana sauka a fuska haka ba.

Sai ya tuna abin da ya kawo shi. Ya hau neman ɗawisunsa mai kallon hagu, wanda ya san kowane huji nasa. Ya duba nan, ya duba can, babu. Akwai dai wani ƙaton ɗawisu a ƙarshen titi yana kallon dama, wuyansa a miƙe kamar mai gari. 

"Sun cire nawa," ya ce wa Shefali. "Ya lalace a hanya, suka sa na wasu. Dubi wancan. Wane ɗan albarka ne ya yi shi? Wannan hannu ne, ba irin nawa ba."

Ka ji fa! Mutumin da ya san sarai abin da ke hagu ta baya dama yake komawa ta gaba, ga shi tsoro da sabon ido sun mantar da shi. Shefali ta buɗe baki za ta yi magana, Jhinuk ta riga ta. Ta daki tsakiyar kansa da tafin hannu.

"Dadu! Ga zuciyata can! Ga jan ƙwaina!"

Ya ƙura ido. A tsakiyar shuɗin ƙirjin, ɗigon ja guda ɗaya yana ci.

Jelar ta fara buɗewa. Hawa na ɗaya ya kama, kore shar. Na biyu. Na uku ya bazu da idanu masu ruwan gwal. Haradhan yana ƙirgawa da leɓe, bai san yana yi ba. Huɗu, biyar. A na shida ne ya san hannunsa ya fi ba shi wahala, ya riƙe numfashi, sai ga shi ya kama daga wannan gefe zuwa wancan ba giɓi. Na bakwai ya buɗe har ya rufe rabin ginin da ke bayansa, titi ya ɗauki ihu. Wani uba a kusa da shi ya ɗaga ɗansa sama yana cewa, "Duba, duba, kada ka ƙifta!"

"Ka ji, rufe bakin, sauro zai shiga," in ji Shefali, ita ma tana goge ido da bakin mayafi.

"Dama haka yake?" ya ce. "Kullum haka kuke gani?"

"Kullum. Shekara talatin da huɗu."

 Ya tuna 'yarsa tana ƙarama tana dawowa gida tana ba shi labarin fitilu, shi kuma yana gyangyaɗi yana cewa ai ya sani. Ashe bai sani ba. Jelar ta mutu, ta sake farawa daga ɗaya, ya ƙi motsawa. 'Yan baya suna ta turi, ko a jikinsa.

Jhinuk ta sunkuyo ta dubi hannunsa da ke riƙe da ƙafarta.

"Dadu, hannunka yana rawa."

"Ƙyale shi ya yi rawarsa, 'yar tsohuwata," in ji Haradhan, idonsa na kan ɗawisun. "Yau ya cancanta."