Fisik ɗin Halti Insaf

Ku gyara zama, ku kuma toshe hanci. Wadda zan gabatar muku ita ce sarauniyar ganguna, uwar gishiri, matar da ƙudajen garin Rashid kaf suka san hanyar gidanta ba tare da sun yi tambaya ba: Hajiya Insaf, yayar mahaifiyata, wadda nake kira Halti. Tsayinta bai wuce na gangar da take jiƙa kifi a ciki ba, faɗinsu ma kusan ɗaya. Ba ta taɓa fitowa a talabijin ba, amma in ta shiga motar haya kowa zai san sana'arta tun kafin ta zauna.

Fisik take yi. A shanya kifin da muke kira buri a rana har ya kumbura, a jera shi a gangar katako, gishiri ƙasa gishiri sama, a rufe a bar shi makonni cikin ruwansa. In ya yi daidai, ranar Shammun Nasim, bikinmu na shigowar bazara, mutum ya ci da ɗanyar albasa da lemun tsami har ya manta sunan matarsa. In bai yi daidai ba, matar ce za ta yi takaba. Halti ta gaji aikin daga mahaifinta, da shi ta rene 'ya'yanta bayan mijinta ya rasu, kuma tunda take ba a taɓa samun wanda ko ciki ya murɗa masa saboda kifinta ba. Ba ta da gida mai bene, ba ta da gwal. Wannan sunan shi ne duk dukiyarta.

Akwai wata ƙungiya a garinmu, Matan Bakin Kogi. Matan likitoci ne da na lauyoyi da tsofaffin malaman makaranta. Ranar Laraba suna shan shayi suna auna 'ya'yan mutane, wani lokaci su ɗauki bas su je Iskandariyya kallon teku, kamar mu ba mu da shi a nan. Amma gaskiya suna aiki. Duk shekara suna yin kasuwar sadaka ranar Asabar kafin biki, abin da aka samu a saya wa marayu 'yan mata kayan ɗaki, firji da murhun gas da katifa. Ana sayar da kek da ɗinkin hannu, amma kowa ya san fisik ɗin Halti ne ke jawo mutane. Ita kuwa ta ƙofar baya take shiga, ta miƙa kaya, a ce Allah ya saka, ta koma.

A shekarar da nake ba ku labari, shugabar ƙungiya, Madam Wagida, ta ce hakan bai dace ba.

"Bana ba za ki taɓa ganga ba, Hajiya," in ji ta. "Za ki zauna a teburin gaba, kusa da ni. Mu za mu kwaso kifin."

"Ku? Da waɗannan faratan, Madam?"

"Muna da safar hannu."

Halti ta so ta ƙi. Amma an kawo kujera mai hannu, an maƙala mata fure a ƙirji, an kira ta 'yar ƙungiya a gaban jama'a. Mutum ce ita. Ta ba da makullin ɗakin ganguna, mata suka je da safar roba da hankici mai turare a hanci, suka kwashe kifin duka suka haɗa a manyan farantai, aka nannaɗe a takarda. Kafin la'asar ko jela ba ta rage ba.

Washegari da hantsi ta shiga wanke ganguna. Ta jawo gangar da ke lungu, sai ta ji ta da sauƙi fiye da yadda ya kamata. Ta duba ƙasa. Gishiri ya bushe fari fat a kan siminti, ya yi hanya har bakin magudana. Katakon gindin gangar ya tsage, ruwan ya daɗe da tsiyayewa. A can ƙasa an bar kifi ɗaya da ya maƙale. Ta danna shi da yatsa, yatsan ya shige kamar cikin dafaffen kabewa, naman ya yi duhu, warin kuma ba irin wanda ta sani ba ne.

Ta zauna a ƙasa. Ta san abin da irin wannan kifi ke yi, domin tana yarinya ta ga an fito da gawar mutum uku daga gida ɗaya a unguwar masunta. Ba amai yake farawa da shi ba. Mutum zai fara ganin abu biyu-biyu, fatar idonsa ta yi nauyi, yawu ya ƙi haɗiyuwa, daga nan numfashi ya tsaya yana ji yana gani. Kifin wannan ganga kuwa ya cakuɗu da sauran, yana gidajen da ba ta san iyakarsu ba. Abu ɗaya ya rage mata: ba a cin fisik sai safiyar Litinin. Yau Lahadi.

Ko mayafi ba ta daidaita ba ta isa gidan Madam Wagida. Madam ta saurare ta har ƙarshe.

"Rufe ƙofar tukuna," ta ce. "Zan kira 'yan ƙungiya a waya, a hankali, kowa ta zubar da nata."

"Sauran mutanen gari fa?"

"Wataƙila kifi ɗaya ne ya lalace, Hajiya. Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Shi ya sa na zo."

"In maganar nan ta fita, wa zai sake sayen ko biskit a hannunmu? Marayun nan an sa musu ranar aure. Ke kuma, kin san abin da zai sami sana'arki?"

Halti ta sani sarai. Ta kuma san mutanenmu. Ba wanda ke sayen fisik ya ci shi kaɗai. Kowace mace za ta yanka ta aika wa maƙwabciya a faranti, ta aika wa suruka, ta ba mai gadin gida. Waya ba za ta bi farantin nan ba.

Ta sauko ta nufi masallacin kasuwa, inda ake sanar da mutuwa da ɓatan yara a lasifika. Ladan, Ammu Sabri, yana sharar tabarmi.

"Wa ya rasu, Hajiya?"

"Ba kowa tukuna. Kunna abin nan."

Da ya ji bayani sai ya ajiye tsintsiya. "In ce fisik ɗin kasuwar sadaka kawai? Ba sai na kira suna ba."

"Ka kira. Wadda aka aika wa a faranti ba ta san kasuwa ba, abin da aka ce mata shi ne na Insaf ne."

Tana tsaye a bakin ƙofa ta ji sunanta ya tashi sama da rufin gidaje, da sunan mahaifinta, ana cewa duk wanda ke da kifinta kada ya ci, kada ya ba kyanwa, ya maido. Aka aika coci ma, inda ake tsakiyar bikin Ista, aka faɗa a can. Tagogi suka buɗe. Masu shaguna suka fito suna kallonta, wasu da suka saba tsokanarta suka sunkuyar da kai. Ta koma ƙofar gidanta ta ajiye babban baho, mutane suka riƙa zuwa suna jefa ƙunshi a ciki. Wani ya ce Allah ya saka, wani ya tofar da yawu a gefe. Duk wanda ya zo, idonsa take kallo, ba bakinsa ba.

"Ba wanda ya taɓa?"

"Sai gobe, Hajiya, wa zai ci yau?"

Ta fara samun numfashi ke nan sai ga Sitt Nargis, mai ɗinki a layin bayan asibiti, tana gudu da silifa ɗaya.

"Basant ta ci. 'Yata ta ci tun jiya."

Basant na da ciki wata da yawa. Maƙwabciyarsu ce ta hau matakala da ƙunshinta, yarinyar ta ji ƙamshi ta tsaya. A wajenmu ba a wuce mai ciki da abin da ranta ya biya, don kada a haifi yaro da tambarin kifi a fuska. Nan take aka yankar mata tsoka mai kyau, aka tsaya a kanta har ta cinye.

Suka tarar da Basant zaune tana tsintar shinkafa, tana dariyar tsoronsu.

"Lafiyata ƙalau, Mama. Hajiya, daɗinsa ma ya fi na bara."

"Tashi mu tafi asibiti, 'yata."

"Bakina ne kawai ya bushe."

Halti ta matso. Ta kama hannun yarinyar ba ta saki ba har cikin tuk-tuk, keken haya mai ƙafa uku.

A asibiti aka kwantar da Basant, aka ce za a sa ido, maganin dafin kuma sai an kawo daga babban birni. Halti ta zauna a benci a waje, ta buɗe baki ta yi addu'a ta kasa haɗa kalma biyu. Sitt Nargis tana can ƙarshen bencin, ba ta kalle ta ba. Da rana ta karkata aka ji muryar Basant daga ciki tana tambaya me ya sa ƙofar ɗakin ta zama biyu. Uwar ta miƙe ta shiga. Halti ta zauna ita kaɗai tana kallon hannuwanta da gishiri ya cinye, tana sauraron kowane takun takalmi.

Madam Wagida ce ta shigo, ba hoda ba jan baki. Tun da ta ji lasifika ta hana mijinta, wanda likita ne, sakat da waya, har aka sa mota ta taho da maganin. Ta zauna kusa da Halti.

Basant ta yi makonni a asibiti. Likita ya ce da an bari sai numfashi ya fara yankewa, da wani labarin ake yi. Ta tashi, ta haifi ɗa namiji, fuskarsa sumul. Ba a sami wani da ya kwanta ba a duk garin.

Sana'ar Halti kuwa ba ta tashi ba. Mutane suna gaishe ta da girmamawa, sannan su wuce su sayi fisik a wani wuri. Ƙungiya ta koma kek da ɗinki, abin da ake samu ya ragu, marayun shekarar da ta biyo sun sami katifa da murhu, firji sai daga baya. Yanzu soyayyen kifi take sayarwa a ƙofar gida. Sitt Nargis takan canza layi in ta hango ta.

Rannan na same ta tana gyaran kifi, na tsuguna na ce mata, "Halti, zan rubuta labarinki. Matar da ta yanka sunanta da hannunta don ta ceci gari. Ya kamata a kafa gunkinki a bakin kogi, riƙe da kifin buri a hannu ɗaya, lasifika a ɗayan."

Ba ta ɗago ba.

"Ganga ta tsage, na faɗa. Matsa, ka tare min haske."