Yadi Ɗaya da Rabin Baba

Tun kafin a ga watan azumi nake fama da fargaba ɗaya: kada Sallah ta zo 'yata ba ta da sabuwar riga. Shekararta huɗu a lokacin, kuma a shekarar za ta fara bin yara yawon Sallah da ƙafarta. Na san yaran unguwarmu. Yarinya ta fito da tsohon kaya, ba sai an ce mata komai ba, kallo kaɗai ya isa ya mayar da ita bayan ƙofa. An taɓa yi mini, shi ya sa.

Maigidana yana aikin gadi a kudu, Sallar ba zai samu zuwa ba. Ya aiko mini da katin banki, ya bugo waya.

"Kada ki cire kuɗin. Banki sun ce wanda ya yi sayayyar Sallah da kati, a shago mai na'ura, za a mayar masa da wani abu. Kazaure za ki je."

"To Baba fa?"

"Baba yana da na'ura ne?"

Ba shi da ita. Baba aminin mahaifina ne, Allah ya jiƙan mahaifina, yana da rumfar yadi a kasuwar Gwiwa. Tun ina yarinya a wurinsa ake yanko mana kayan Sallah, da na haihu na ɗora. Sandar awo gare shi da almakashi mai ɗaure da tsumma. Ban taɓa sayen yadi a hannun wani ba.

Ranar da zan tafi na rubuta lambobin katin a tafin hannuna da biro, na dunƙule. Goyo a baya, kati a bakin zani. A kan mashin sai taɓa ƙullin nake yi, har ɗan acaɓan ya ce, "Hajiya, ki zauna daidai, za ki kayar da mu." Kafin mu ga duwatsun Kazaure gumi ya fara cinye lamba ta ƙarshe.

Shagon yana da ƙofar gilashi. Babu benci, babu wanda ya tambaye ni mutanen gida. Na nuna wani yadi ruwan hoda, na ce ɗaya da rabi, yadda na saba faɗa. Bara da shi aka yi mata riga da siket da ɗankwali, har ƙyalle ya ragu. Matar ta ja tef, ta ɗora almakashi daidai kan layi, ƙeee. Ta miƙo mini na'urar in danna lambobin. Na ji ana cewa in ka kuskure sau uku shi ke nan, kati ya mutu. Ban kuskure ba. Na ƙara da takalmi da kayan miya na gwangwani, katin ya ƙare tas. Abin da za a mayar, aka ce sai bayan Sallah.

Washegari na kai wa telarmu, wata maƙwabciya da muke kira Yaya, mai baki kamar reza. Ta shimfiɗa yadin a kan keke, ta dube shi, ta dube ni.

"Wannan na 'yar tsana ne?"

"Ɗaya da rabi ne, Yaya. Kamar bara."

"Bara a ina kika yanko?"

"Wurin Baba."

Ta kwashe da dariya har da tafi. "Ke dai Allah ya shirye ki. Ɗaya da rabin Baba ai biyu ne saura kaɗan! Ba kya ganin in sanda ta ƙare sai ya ƙara ɗani biyu kafin ya yanka? Gyara yake yi muku, ku kuna can kuna surutu. Wannan ko riga ba zai fitar da hannu ba. Kuma jibi nake rufe karɓar ɗinki, ko uwata ce ta zo."

Shekara da shekaru ina ganin hannun nan nasa yana zarcewa, ni na ɗauka haka ake awo. Kuɗin komawa Kazaure babu, kati fayau. Maigida kuwa ban iya kiransa ba, me zan ce? 'Yata tana tsaye ta riƙe gefen yadin tana shafawa a kumatu, tana cewa nata ne.

Kasuwar Gwiwa ta ƙarshe kafin Sallah washegari take ci. Na tafi da yarinyar. Sau biyu ina wuce layin 'yan yadi ina kasa shiga. Rumfar mai takalma da ke kusa da ta Baba babu kowa, awaki ne kwance a ciki. Na ɗaga ido na dubi tasa. A irin wannan rana katakonsa wayam yake zama, sai guntaye. Ranar bandir-bandir ne jere har sama, ko buɗe wasu ba a yi ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya juya wurin 'yata da wasan kaka.

"A'a, amaryata! Na ce ko an yi mini ƙwace ne bana."

Na kwance ledar na ajiye a gabansa, na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Jira nake ya yi faɗa. Ya murza yadin da yatsu biyu, ya ɗora a kan sanda.

"Ba su cuce ki ba. Ɗaya da rabi ne cif." Ya sake murza shi. "Mai kyau ne ma. Zai yi wa jaririyar wani."

Ya ninke shi ya sa cikin kayansa, ya jawo wani bandir mai ruwan ganye daga ƙasa.

"Wannan na ɓoye mata tun farkon azumi."

Wannan karon na zuba wa hannunsa ido. Sanda ta ƙare, ya ƙara ɗani ɗaya, ya ƙara na biyu. Na ce, "Baba, ka bar shi haka, kasuwa ba ta yi ba." Ya ce, "Ke kika koya mini sana'ar?" Ya yanka.

Da zan tashi na tambaye shi sauran kayan fa. Ya ce mutane sun koma inda ake ba su tukuici a waya, ba ya ganin laifinsu, kowa sauƙi yake nema. Ya ce in babbar Sallah ma ta zo a haka, to sai ya koma gona.

Yaya ta karɓi ɗinkin tana mita. Ranar Sallah 'yata ta fita cikin yara da riga da siket da ɗankwali, ba ta ko waiwayo ni ba. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina tunanin wa zai ƙara wa ƙanenta da nake goye da shi ɗani biyu in ya girma.

Ban yi karatu mai zurfi ba, ban san yadda banki ke lissafinsu ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In kuna da kati, akwai masu cire kuɗi a bakin kowace kasuwa yanzu. Don Allah wannan Sallar ku ciri wani abu, ku shiga cikin rumfuna, ku sayi ko da yadi ɗaya ne a hannun tsofaffin da ke zaune a can.