Fiton da na sha yi masa faɗa a kai

Jiya ina tsaye a shagon Malam Bukar mai gyaran rediyo a kasuwar Haɗeja, yana kwance 'yar na'urar marigayi mijina, Baban Hauwa. Sana'arsu ɗaya. Na'urar ƙarama ce mai arha. Idan marigayin ya jona ta da rediyon da ya lalace, sai rediyon ya yi wani dogon fito, da shi yake gano inda matsalar take.

Fiton nan na sha yi masa faɗa a kai, musamman da hawan jini ya sa ni gaba.

Tun da na fita takaba nake son in sake jin fiton ko sau ɗaya. Na sa sabon batir, na jona da rediyon gida yadda na ga yana yi, shiru. Na gwada har na gaji.

Na ce, "Malam, ita ma ta mutu ko?"

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Maman Hauwa. Kin ga maɓallin nan na baya? Ba da shi ta zo ba, na rage ƙara ne. Tare da marigayi muka sa shi. Ya ce kanki na ciwo."

Ya jona ta da wani rediyo, ya murɗa maɓallin sama, fito ya cika shagon. Na zauna a benci, na kasa cewa ya isa.

Ashe sauƙin da na samu a gidan nan shi ya yi mini, bai taɓa faɗa ba. Allah Ya jiƙansa. A cikinku akwai wanda ya gano alherin mutum bayan babu halin yi masa godiya?