Mutumin da Ke Yi wa Fara Cakulkuli

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi a cibiyar binciken ƙwari, har ya yi ritaya dangi ba su san takamaiman aikinsa ba. Matarsa, Allah ya jiƙanta, in aka tambaye ta sai ta ce cakulkuli yake yi wa fara ana biyansa albashi. A yi ta dariya. Shi kuwa bai taɓa musawa ba.

'Yar ƙanwarsa, wadda yake kira Digiri tun ranar da ta gama jami'a, ita ma ba ta taɓa tambaya ba sai da aiki ya cije mata. Wani ƙaramin kamfanin wasannin kwamfuta ne ya ɗauke ta gwajin wata guda, aka ce ta rubuta tarihin abokan gaban da ke cikin wasan: wasu halittu daga wata duniya, masu saukowa miliyan-miliyan su lashe gona da gari da ƙarfe su wuce. Sau biyu mai kamfanin yana dawo mata da rubutun. Ya ce haƙora da farata kowa ya iya, irin waɗannan dodannin sun cika wasanni. Shi so yake ya san me ya sa suke ci. Ranar Alhamis za ta kai na uku, in bai yi ba kujerar ta wani ce.

Ranar Talata da hantsi ta tarar da Kawu a baranda yana fama da rediyonsa. Da ya ji abin da ke tafe da ita, ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin alewa. A ciki akwai buroshin fenti guda shida, sirara kamar tsinken ashana.

Ya ce ɗakuna biyu ya riƙa kula da su, duka da zafi kamar gidan burodi. A na farko fara ce dubbai cikin kejin waya, baƙaƙe da ruwan ɗorawa, ba sa zama. A na biyu kowace da gwangwaninta, da bututun iskarta, don kada ta ji ƙamshin 'yar'uwarta. Waɗannan korra ne shar, ga kunya, in sun hango wata fara sai su juya baya. Kuma duk iri ɗaya ne, wani sa'in ma uwa ɗaya ta saka ƙwansu.

Aikinsa shi ne ya ɗauko koriya guda, ya riƙa shafa mata cinyar baya da buroshi, 'yan daƙiƙu a kowane minti, ido a kan agogo, har wajen awa huɗu. In ya sake ta, wadda ɗazu ke gudun 'yan'uwanta sai ta nufi taro a guje. Ta ɗauka cunkoso ne ke gogar ta.

Digiri ta manta da littafin rubutun da ta buɗe. Ta tambaye shi, to me ke sa su tafiya ba tsayawa, suna cinye duk abin da suka tarar? Kawu ya ce shi ma ya daɗe yana wannan tambayar, masanan cibiyar kuwa ba sa shawara da mai buroshi. Sai ya riƙa cin abincin ranarsa a gaban wani babban faranti, inda ƙananan da ba su yi fiffike ba ke zagaye. Ya lura duk wadda ta tsaya, ta bayanta ce ke fara gatsa mata ciki.

"Ba abinci kaɗai suke bi ba, Digiri," in ji shi. "Na baya suke gudu."

Maganar ta tuna wa Digiri wata rana. Wata huɗu ke nan da jarrabawar ɗaukar ma'aikata a filin wasa, dubban mutane, ƙofa ɗaya. Ba ta ture kowa da niyya ba, ture ta aka yi. Ta taka wani abu mai laushi, ba ta iya dubawa ba. Da takalmi ɗaya ta fito, kuma tun ranar ba ta shiga motar da ta cika. Kawu ne ya ɗauko ta daga asibiti, amma yanzu jera buroshinsa kawai yake.

"Kawu, wadda ka shafa ɗin, tana komawa yadda take?"

"Tana komawa. A ba ta gwangwaninta, a ƙyale ta. Halin ne ke fara sauka. Launin kan daɗe."

Ranar Alhamis ta karanta wa mai kamfanin shafi uku. Ya tambayi ina sarauniyarsu, wa ke ba su umarni. Ta ce babu kowa. A duniyarsu halittu ne masu kunya, wuri ne ya ƙure musu. Ya ce to ta yaya ɗan wasa zai ci su da yaƙi? Ta ce harbi ƙara matse su yake. Sai dai ya rushe katanga, ya buɗe ƙofofi, su warwatse.

Mai kamfanin ya sosa gemu, ya kira injiniyansa. Suka shafe awa guda suna gardamar ko hakan zai yiwu, kamar sun manta tana wurin. Da za ta fita ya ce ta zo Litinin da taswirar ƙofofin.

A ƙafa ta je gidan Kawu, ta nuna masa zanen halittun a waya. Ya sa tabarau, ya daɗe yana juya hoton.

"Ina ƙafafun baya?"

Ta ce masu zanen kamfanin hannuwa shida suka yi musu.

"To ki gaya musu su gyara. A ina suke so cunkoson ya taɓa su?"