Monitan Ajinsu a Tashar Jirgi

Yana zaune a kan benci a tashar jirgin ƙasa ta Jos, ba jaka, ba tikiti. Da ƙyar zai kai shekara talatin, amma furfura ta fito masa. Kwat ɗin makaranta ce a jikinsa, ta yi masa kaɗan, bajon aljihun ya koɗe. Takalminsa kuwa sai ƙyalli yake, kamar yanzu malami zai zo dubawa.

Ya miƙe, ya haɗe ƙafafu, yana kiran suna bi da bi, yana ba kansa amsa.

"Ayuba. Likita ne a Zariya. Bitrus. Yana koyarwa a Kuru. Chukwuma."

Nan sai ya karkata kunne. Ni ma na tsinci kaina ina jira.

Matar da ke suyar ƙosai kusa da ni ko kai ba ta ɗaga ba. "Kullum haka yake, oga. Wai shi ne monita a ajinsu. Daga tashar nan wasunsu suka gudu lokacin tashin hankalin shekarar sittin da shida."

A zatona shi ne ya rako su, ya riƙe musu akwati, ya ce sai an dawo hutu. Shekara goma sha biyu ke nan.

Ya kai suna na ƙarshe. "Zakka." Ya jira. Ya sake kira da ƙarfi. Ba wanda ya amsa. Ya zauna.

Matar ta naɗe ƙosai uku a takarda ta miƙa masa.

"Zakka, karɓi ka ci."