Sanƙarau da Akwatunana Uku

Assalamu alaikum, 'yan wannan zaure.

Na daɗe ban ce komai a nan ba, sai dai in karanta in wuce. Jiya wani ya rubuta cewa mai sayen littafin da ba zai karanta ba mahaukaci ne, a kwashe a ba masu ƙosai. Kuka bi shi da dariya. Ni ban yi ba. Akwai labarin da na riƙe fiye da shekara sittin, yau za ku ji shi ko ba ku so.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina sabon malamin firamare a Makarfi, ina zuwa a keke daga gidanmu na Dandamisa. Turawa na ta tafiya, ana gwanjon kayansu a Zariya. Mutane na rububin kujeru da fitilu, ni kuwa littattafai. Ban san ko ɗaya daga cikin marubutan ba, kuma daɗin ke nan: in buɗe, in ji muryar mutumin wata ƙasa da ban taɓa jin sunanta ba. Cikin shekara biyu na cika akwati uku. Abin da na karanta bai kai rabin guda ba.

Wana, Yaya Sale, shi ke riƙe da gida tun rasuwar Baba. Ya tsani akwatunan nan.

"Ka tara maganar mutanen da ba ka san iyayensu ba, kana kwana da ita," in ji shi. "Wata rana sai ta taɓa ka."

Da bazara ciwon ya zo. Kai kamar ana sara da gatari. Sai amai. A rana ta uku wuyana ya sandare, hasken ƙofa ma ba na iya kallo.

Yaya ya ce ga abin da yake faɗa, a kawo garwashi a yi mini hayaƙi. Inna ta ƙi. Ta sayar da akuyarta, aka shimfiɗa ni a bayan motar gyaɗa sai asibiti a Zariya.

Suka lanƙwashe ni, gwiwa a ƙirji, suka soka doguwar allura a gadon bayana suka ɗebi ruwa. Likita ya ɗaga kwalbar, ruwan ya yi dishi-dishi.

"Sanƙarau ne," ya ce wa Inna. "Da kun ƙara kwana a gida, da ba ni za ku nema ba."

Allura safe, rana, yamma, har mazaunaina suka ƙi zama. Na ga an fitar da maƙwabcin gadona a lulluɓe, washegari aka fitar da na bayansa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Tsoron mutuwa, da wani ƙaramin tsoro mai ban kunya: in tafi ban buɗe littattafan nan ba.

Akwai wata nas, Ladi, Kirista ce daga kudancin lardi. Kullum da safe sai ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, taɓa ƙirji da haɓa." Ranar da haɓar ta taɓa, sai ta tafa hannu, ta kira Inna ta gani.

Ciwon ya tafi da jin kunnena na hagu, bai dawo ba. Har yau.

Bayan mako shida aka sallame ni. Na tarar da ɗakina a share, tabarma da buta kawai. Yaya ya ce an ajiye akwatunan a rumbu sai na yi ƙarfi. Inna ta sunkuyar da kai.

Ranar kasuwar Makarfi ta sayo mini tsire don in samu jini. Na kwance takardar da aka naɗe shi a ciki, mai ya jiƙa ta, yaji ya manne. A gefenta ga rubutun hannuna, inda na fassara wata kalma da fensir.

Na dafa bango na fita zaure.

"Yaya, ina akwatunana?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Na raba ka da su, ga shi ka tashi. Godiya ya kamata ka yi."

"Allura ce ta tashe ni, Yaya, da ikon Allah."

"To allurar ta zama yayanka."

Tun ina asibiti kwana biyu ya sayar wa masu tsire da masu ƙosai. Bai ma jira ya ga ko zan mutu ba.

Kasuwa ta gaba na dogara sanda na bi su rumfa-rumfa, ina haki, suna mini kallon taɓaɓɓe. 'Yan kaɗan na samo, duk a yage. Ɗaya ba bango, ba farko, ba ƙarshe, labarin wata mata ce mai gadin gonar mijinta da ya tafi yaƙi. Shi na karanta ina murmurewa, kuma ban taɓa karanta abin da ya kama ni kamarsa ba. Har yanzu ban san wanda ya rubuta ba, ban san ko mijin ya dawo ba.

Da ƙafata ta yi ƙwari na nemi canji zuwa Ikara. Ban sake cin tuwo kwano ɗaya da Yaya ba. Da ya rasu na ɗauki makara, aka tambayi masu yafiya na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa. Zuciyar ina ta fama da ita, Allah ya sani.

Na gode wa Allah da ya ƙara mini kwanakin nan. Allah ya jiƙan Inna. Ladi kuma, in zuriyarta na ganin wannan, uwarku mutum ce.

Ku yara, idan zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, ku bar hayaƙi, ku nemi mota. A rage cunkoso a ɗaki lokacin zafi, a yi rigakafi in ya zo. Ku sayi littafin da ranku ya so, ko sai baɗi za ku buɗe.

Idan kuma za a kwantar da ku, ku ba da mabuɗin ɗaki ga wanda ya san darajar abin da ke ciki. Ba lallai ɗan'uwa ba.